Jar Kanwa a Gonar Dawakin Lyon

Muna sallame sallar asuba muka bar Bobigny a gefen Paris, ni da ɗiyar ƙanwata. A nan Faransa aka haife ta, ɗaukar hoto ne aikinta. Ta samu izinin shiga wata gona a bayan Lyon, inda ake kiwon dawakin Aisilan, wani tsibirin ƙanƙara can ƙarshen arewa. Ni ba yawo ya fitar da ni ba. Babana yana Tawa can Nijar, cutar yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan saura kaɗan. Da kiwon dawaki ya rene mu. Ya ce abu guda yake so ya gani kafin duhu, ni a bisa doki. Takarduna ba su fito ba, zuwa gida ba ya yiwuwa. Sai hoto.

Motar bas muka shiga, jirgin ƙasa ya fi ƙarfin aljihuna. Hanya sumul, babu rami, babu mai tare ka ya ce kawo na goro. Wanda ya keta Sahara a bayan buɗaɗɗiyar mota, ƙafa tana reto, ba zai kira wannan tafiya ba. A wurin hutawa na tambayi kuɗin shayi. Da na ji, sai na tuna ruwan famfo ma abin sha ne. Burodi da dafaffen ƙwai muka ci.

A Lyon wani ɗan Maradi mai aiki a masana'antun Saint-Fons ya ɗauke mu. Unguwarsu bututu ne da hayaƙi, iska tana warin magani. Gaisuwarsa ba ta ƙare ba sai da muka kai bakin gona.

Da na ga dawakin dariya na yi. Gajeru, gashi ya rufe musu ido, a wajenmu jaki mai ƙiba za a ce. Sai wani ya hau ɗaya ya zagaya fili, dariya ta tsaya. Taƙama ce zalla, mahayi ko girgiza ba ya yi. Mu sai mun ɗaure ƙafafun doki da igiya wata da watanni kafin ya koye ta. Su da ita ake haihuwarsu.

Mai gonar, wata dattijuwa, ta ba da tarihi, ɗiyata tana juya mini. A jiragen ruwa aka kai kakanninsu tsibirin tun zamanin da. Ba a shigar da baƙon doki, wanda kuma ya fita ba ya komawa, don tsoron cuta. Na dubi wani akawal, baƙi wuluk, da aka ce can aka haife shi. Na san irin wannan zama.

Shi aka ce zan hau. Madam mai gonar ta tafi ɗauko sirdi, ɗiyata tana gyara kyamara. A gidanmu ba a zuwa wa doki hannu banza. Akwai jar kanwa a aljihuna, a unguwar Porte de la Chapelle ta Paris na saye ta. Na miƙa masa a tafin hannu. Ya shinshina, ya lashe, ya nemi ƙari.

Sai na ji sirdi ya faɗi ƙasa. Madam tana ihu, ta finciko dokin, tana duba bakinsa.

"Kawu, me ka ba shi?"

"Kanwa."

"Kanwar miya? Wayyo Kawu!"

Ta yi bayani da Faransanci har muryarta ta dushe. Madam guba kawai take gani. Ta kira likitan dabbobi, ta ce jandarma ne na gaba. Ni da jandarma ba ma shan inuwa ɗaya. Muka fita.

Aikin yarinya ya lalace tare da nawa. Har Paris magana ɗaya ta yi: "Da ka tambaya." Gaskiyarta.

Hoto guda ya rage, wanda ta ɗauka muna isa. Bayana ne a jikin shinge, dokin yana can nesa. Shi na tura wa ƙanena da ke Tawa ya nuna wa Baba. Washegari na kira.

"Ban ga komai ba sai hazo," in ji Baba. "Ka hau?"

"Ban hau ba."

Na gaya masa duk yadda aka yi.

"Ya ci kanwar?"

"Ya ci, Baba."

"To, doki ne. Kai ne dai ba ka san gidan mutane ba."

Abin da na koyo ke nan. Alheri ma sai an yi masa sallama kafin ya shiga gidan wani. Na rasa abubuwa da yawa a hanya, ban tsaya kuka ba. Wannan kuwa na kasa mantawa da shi. Ɗiyata tana neman wata gonar, amma ƙanena ya ce yanzu da murya Baba yake gane mutane.