Jirgin da Yaya Sule Ya Hana Tashi

Bana shekara arba'in da ɗaya ke nan da rasuwar yayana Sule, kuma ina jin ni kaɗai na rage mai ƙirgawa. Abin da ya sa na ɗauki biro, labari na ji a rediyo cewa a wata ƙasa an tsawaita wa'adin takardar rajistar jiragen sama, ba sai an riƙa sabuntawa a kai a kai ba. Na ajiye tsintsiya na zauna. Oh, Yaya! Da kana nan, dariya za ka yi ko kuka?

A farkon shekarun saba'in shi ke riƙe da takardun wani ƙaramin jirgin feshi a Kano. Mu mutanen Toranke gani muke jirgin ma nasa ne. Wata damina gero ya fid da kai, sai jan-baki suka sauka, tun daga Ajingi har gefen Gaya. Mun buga gwangwani mun yi ihu har muryoyinmu suka dishe, tsuntsayen nan ko a jikinsu. Dattawa suka ce Baba ya je ya taho da jirgin ɗansa. Ina Kano wajen awon ciki, a gabana aka yi.

"Baba, takardarsa ta ƙare shekaranjiya. Sai sabuwa ta iso daga Legas."

"Jirgin ne ya lalace?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"To gara ce ta ci takardar?"

Yaya ya sunkuyar da kai. A wurinmu takarda in an buga mata hatimi ta zauna ke nan, kamar iyakar gona. Wa ya taɓa jin takarda ta mutu alhali ga ta a hannu? Shi kuwa ya ce ba zai sa hannu a ɗora ran matuƙi a kan jirgin da ba shi da izini ba. Baba ya ɗauki sandarsa, ko ruwa bai sha ba.

Kwana tara takardar ta yi a hanya. Da jirgin ya zo, kara ya tarar a tsaye.

Daga nan Baba bai ƙara amsa gaisuwarsa ba. Yaya ya zo salla biyu, ya zauna a zaure shi kaɗai, har ya daina zuwa. Ni ma, Allah ya yafe mini, na yi shekara ina gaba da shi. Na ci dusa a shekarar, kuma da ciki.

Yau da na tsufa, ban iya cewa ya yi kuskure ba, ban kuma iya cewa Baba ya yi ba. Abin da na sani, mutum ne da ba ya sa hannu a kan ƙarya, ko da gonar ubansa ce a bakin tsuntsu. Ina kewarsa ƙwarai.

Har yanzu in ana hirar tsohuwar yunwa a garinmu, sai ka ji an ce lokacin da Sule ya hana jirgi. Jikokina ma haka suke faɗa. Ba wanda ya taɓa tambayata wane ne Sulen.