Cizon da Baba Ya Ɓoye

Dutsin-Ma

Na idar da sallar asuba na zauna jiran haske, domin direbobi ba sa ɗaukar hanyar Kurfi da duhu. Kusan mako guda mahaifina yana fama da zazzaɓi. An yi masa allurar maleriya, bai sauka ba, kuma mahaifiyata, Inna, ta ce ya fara sambatu. Motar Malam Iro na ɗauka shata. Taubashin Baba ne, tare suka tashi.

Kafin mu tashi na kira wata likita da na sani. Da ta ji Baba yana da shanun noma sai ta ce, "Ki duba jikinsa duka. Ki nemi ɗan baƙin tabo kamar ƙunar sigari."

Ban gaya mata ni ce 'yar farinsa ba. Ko sunana ba ya kira, balle in ɗaga masa riga.

Shingen jami'an tsaro biyu muka wuce. A na biyun aka ce mu komo kafin la'asar. Gero ya yi tsayi a gefen titi, ba a ganin abin da ke bayansa.

Kurfi

Na tarar da Baba kwance, idanunsa jajir, ƙananan ƙuraje a ƙafafunsa. Na gaishe shi, ya juya fuska bango. Na tambayi Inna ko wani abu ya cije shi.

"Ni zai gaya ma? Mutumin da ko wash ba ya cewa?"

Na duba wuya da hannuwa, iyakar inda zan iya. Babu komai.

"Fita, ɗiyata," in ji Malam Iro. "Ku bar ni da raggon nan."

Daga tsakar gida muna jin sa. "Kai tsoho, mi kake ɓoyo cikin wando?"

"Allah ya shirye ka, Iro."

Da Malam Iro ya fito babu dariya a fuskarsa. "Tabon a matsematsi yake, baƙi ƙirin. Kaska ce ta shanunsa. Wai kananzir ya ɗiga mata, ya matse ta da farce."

Hanyar komowa

Muka sa Baba a mota don kai shi asibiti, na sake kiran likitar. Ta ce kaska ɗaya na iya ɗauke da ƙwayoyin bakteriya iri-iri a cikinta da yawunta. Wasu zaman lafiya suke yi da ita, ba ruwansu da kowa. Wasu kuma su ne masu kawo wannan zazzaɓin, kuma matsa kaskar na iya tura su cikin jini. Maganin maleriya ba ya taɓa su. "Kada ku tsaya ko'ina," ta ce.

Bayan mun wuce shinge Baba ya daina amsa tsokanar Malam Iro. Ina gaba, Inna na baya riƙe da kansa. Ban waiga ba. Numfashinsa nake saurare har muka shiga gari.

Dutsin-Ma

A asibiti an ɗebi jini, aka fara ba shi magani nan take. Sai a rana ta uku zafin ya sauka, ya nemi koko. Da ya ƙoshi ya ce a sallame shi, shanu na can kaska na cinsu.

Na sayo safar hannu da maganin feshi, na ba Malam Iro ya miƙa masa. Baba ya jujjuya safar, ya ce namiji ba ya kama bijimi da wannan, ya cusa ta aljihu.

Na raka su tasha, na dawo gida da azahar. Alhamdu lillahi, Allah ya saka wa Malam Iro da likitar nan. Gobe da safe Baba zai shiga turke, kuma damina, lokacin kaska, da saura.