Bindigar Tokar da Ta Ƙetare Bahar Maliya

Na ga abubuwa da dama a zaman da na yi a Jidda, yawancinsu sun dusashe a raina, amma ranar da na riƙe wata tsohuwar bindigar toka a wani gida a unguwar Sa'alaba tana nan daram. Ko yanzu da nake rubutun nan ina jin nauyinta a hannuna, ina kuma jin ƙanshin turaren wutan da ya kama jikinta.

Aikin likitan dabbobi ne ya kai ni can. Kamfanin da ya ɗauke ni shi ke duba lafiyar tumaki da shanun da ake saukewa daga jiragen ruwa, kuma a nan na saba da wani dattijo dillalin raguna, Bahaushen Sudan, wanda ya girme wa mahaifina. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini Dakta. Hausarsa irin ta mutanen dā ce, da Larabci jefi-jefi a ciki. Da ya ji iyalina suna gida Najeriya sai ya ɗora mini doka: duk Juma'a bayan an sauko, a gidansa zan ci abinci. Hajiyarsa takan tuƙa asida da miyar busasshiyar kuɓewa, a kawo gahawa mai citta a 'yar tukunyar ƙasa, mu yi ta hira har la'asar.

Wata Juma'a na tarar gidan a hargitse. Lokacin ne ake tayar da tsofaffin unguwannin kudu don a sake gina su, layin su Baba ma an zo an yi masa alama. Kwalaye ko'ina, Hajiya tana ta ɗaure kwanuka. Bayan mun ci abinci Baba ya ce, "Dakta, taso ka kama mini wani abu." Muka shiga ɗaka, muka jawo babbar durowar kaya. A bayanta akwai wani dogon abu naɗe da bargo, an ɗaure da igiya. Ya shimfiɗa shi a kan gado ya kwance a hankali.

Wallahi sai da na yi kabbara. Bindiga ce doguwa, ta kusa kai mini kafaɗa, irin ta dā mai dutsen ƙanƙara da ke ƙyasta mata wuta, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. An ɗaɗɗaure jikinta da zobban tagulla, gindinta an sa masa jar fata da ɗinki irin na dukawan ƙasarmu, ga 'yan layu biyu sun bushe sun manne da itacen. Ni kuwa tun ina ƙarami nake da ciwon tsofaffin bindigogi. Kawuna maharbi ne, a ɗakinsa na fara shaƙar warin albarushi, da na girma kuma na bi gidajen tarihi ina leƙen irinsu ta bayan gilashi. Ban taɓa zaton zan ga ɗinkin gida a jikin bindiga a bakin Bahar Maliya ba.

Baba ya ce ta kakansa ce. Da ita ya baro ƙasar Hausa a ƙafa cikin ayarin masu niyyar hajji, yana tsare mata da yara daga namun daji. Guzuri ya ƙare musu a Sudan, suka zauna noman auduga, ya rasu bai ga Ka'aba ba. Mahaifin Baba ne ya ƙetaro da ita cikin jirgin ruwa na katako, zamanin da ba a bincike irin na yanzu.

"'Ya'yana ba ruwansu da ita," in ji shi. "Gidan da za mu koma shigga ce, 'yan ɗakuna a bene, ba wurin ajiye ta. Kai ɗan can ne. Na ba ka, halas. Ka mai da ta gida."

Ban san lokacin da na durƙusa ina godiya ba. Na ɗaga ta, na saɓa ta a kafaɗa, na zagaya ɗakin kamar yaron da aka yi wa ɗinkin salla. Hajiya ta leƙo tana dariya, ta ce, "Yau Dakta ya zama sarkin baka." A raina har na gama tsari: in sa ta a but ɗin mota, in kai wa masu kargo su haɗa da kayana, in rataye ta a falona a gida, duk baƙon da ya zo in ba shi tarihinta.

Murna ce ta cece ni, don ta hana ni yin shiru. Akwai abokin aikina, ɗan ƙasa ne haifaffen Jidda, amma kakanninsa Hausawa ne. Yana jin Hausa sarai, faɗinta ne ke ba shi wahala. Na san yana tara kayan tarihi, don haka na kira shi ta bidiyo in yi masa burga. Yana ɗagawa na juya masa kyamara.

Ya ce, "Masha Allah! Ya Daktor, wannan fen ka samu?" Na ba shi labari a gurguje, na ƙare da cewa yanzu zan sa ta a mota in kawo masa ya gani.

"La, la, la!" in ji shi da ƙarfi. "Kada ka fita da ita! Khalliha, bar ta wurinta. Kai baƙo ne, da iƙama kake, za ka sa silah, makami, a sayyara? In aka tsayar da kai a taftish, wurin bincike, me za ka ce? Ajiye, ina zuwa dahhin, yanzun nan."

Na ce ai tsohuwa ce, ta fi ni da shi shekaru, kayan ado ce kawai. Ya ce ba ni ke da ikon faɗin haka ba, ba shi ba ne kuma.

Kafin magariba ya iso. Ya gaishe da Baba, ya sumbaci kansa, ya tsuguna gaban bindigar ya daɗe yana kallo, bai taɓa ta ba. Sannan ya yi mana bayani, rabi Hausa rabi Larabci. A wurin hukuma, tsufa kaɗai ba ya mai da bindiga kayan tarihi. Sai masana sun duba sun tabbatar ba za ta iya tashi ba. Kafin nan makami ce kamar kowane makami, riƙe ta ba takarda laifi ne, yawo da ita a mota ya fi muni, cusa ta cikin kargo kuwa ɗauri ne da kora daga ƙasa. Ya ƙara da cewa ko da ta isa Najeriya, can ma ba a riƙe bindigar toka sai da lasisi. Ya yi gaskiya, na san haka, murna ce ta rufe mini ido.

Fuskar Baba ta sauya. Shekarunsa duka a can ya yi su, amma har lokacin da iƙama, takardar zaman baƙo, yake zaune, shi da iyalinsa. Ya dube ni ya ce, "Dakta, kyauta na yi maka, kai kuma ka jawo mini hukuma da tsufana?" Hajiya daga bakin ƙofa ta ce a kai ta bayan gari a binne kowa ya huta. Jikina ya yi sanyi. Mutanen da suka riƙe ni kamar ɗa, ga shi ta dalilina hankalinsu ya tashi.

Abokina ya ce, "Ya Ammi, ka kwantar da rai. Yanzu an buɗe ƙofa, duk mai makami ba waraƙa, ba takarda, ya kai kansa a gyara masa. Wanda ya je da ƙafarsa daban, wanda aka kama daban. In ka binne, gobe masu rusau su tono, za a tambayi gidan wa." Ya ce mu zo gidansa a unguwar Ruwais washegari mu ga yadda abin yake.

Abin da na gani a Ruwais ya dawo mini da murnata har da ƙari. Ɗaki guda ya ware, ƙofar ƙarfe, ciki akwatunan gilashi masu makulli. Ga bindigogi masu lagwani na mutanen sahara, ga gajeru masu ado da azurfa irin waɗanda ake rawa da su a duwatsun Hijaz, ga takubba. Na rasa wadda zan kalla. Kowace da lambarta da takardarta. Ya ce ba ya ba da aro ko ga ɗan'uwansa, ba ya fita da ko ɗaya sai da izini, in ɗaya ta ɓata dole ya sanar nan take, kuma ya riga ya gaya wa 'ya'yansa cewa ranar da ya mutu, kafin a yi maganar rabo, a fara sanar da hukuma. Baba ya zagaya ɗakin hannuwansa a baya, yana gyaɗa kai. Da muka fito ya ce, "To, yalla. A kira su."

Abokina ne ya yi ta zirga-zirgar. Bayan 'yan kwanaki aka ba da takardar izinin ɗauko ta, muka kai ta ofishin da ke kula da lasisin makamai da hantsi, Baba cikin farar jallabiya da rawaninsa na Sudan, bakinsa bai daina motsi da addu'a ba. Jami'in da ya karɓe mu ya saurari tarihin har ƙarshe, ya sa aka kawo wa Baba kujera da shayi. Sannan masanin da zai duba ya fito da ita tsakar gida, ya juya bakinta ga wani tarin buhunan yashi. Ya gwada wata siririyar sanda a jikinta ta waje, ya yi alama, ya zura ta ciki. Sandar ta tsaya ba ta kai alamar ba. Ya sake zurawa. Ya ɗago ya dube mu, ya ce da Larabci kowa ya ja baya, a ɗure take.

Na ji kamar an watsa mini ruwan ƙanƙara. Baba ya miƙe tsaye yana salati. Ya ce mahaifinsa bai taɓa harba ta ba, shi ma haka. Ke nan ɗurin na kakansa ne, tun daga hanya.

Masanin ya ɗaura wani ƙarfe mai murɗe a kan sanda, ya shiga jawo abin da ke ciki a hankali. Tsumma ya fara fitowa, baƙi ƙirin, saƙar hannu. Sai gutsattsarin dalma. Sai wani tsumman. Daga ƙarshe ya karkata ta a kan faranti, baƙin gari ya zubo. Ya ɗebi ɗan kaɗan a bakin cokali, ya kai can nesa a kan siminti, ya miƙa masa wuta da dogon tsinke.

Fuu! Wuta ta tashi, farin hayaƙi ya turnuƙe, warin nan da na sani tun ƙuruciya ya cika wurin. Ni da abokina muka yi ihu tare, jami'in ya tafa hannu yana "La ilaha illallah!" Albarushin da aka daka a wani ƙauye tun kafin a haifi Baba, ga shi da ransa a tsakiyar Jidda. Tsoro da daɗi suka haɗe mini, na kama dariya. Baba kuwa ya dafe kai ya ce, "Hajiya! Shekara da shekaru a cikin durowar nan take sa kaskon turare!" Duk aka kwashe da dariya, amma dariyar wanda ya tsallake rijiya.

Aka rubuta bayanin Baba, aka ja masa kunne cikin girmamawa, ba a yi masa komai ba. Aka ce in ana so ta shiga sahun kayan tarihi sai an toshe 'yar kafar da wuta ke bi, yadda ba za ta ƙara tashi ba, kuma a rubuta ta da sunan wanda ke da izinin ajiye irinta. Ni ba ni da wannan izini, ba kuma zan samu ba. Na ji zafin haka, ba zan ɓoye ba. Baba ya lura. Ya kama hannuna ya ce, "Dakta, na so ta koma gida. Amma da na ga wutar nan sai na tuna, mai ita ba gida ya nufa ba, nan ya nufa. Shi bai iso ba, ita ta iso. A bar ta." Ya juya ga abokina ya ce, "Kai ma jininmu ne. Riƙe amana."

Ranar da takardarta ta fito abokina ya yanka rago a Ruwais. Aka sa ta a akwatin gilashi ita kaɗai, tsumman da dalmar a ɗan faranti kusa da ita, aka rubuta tarihinta da Larabci, ni kuma aka ce in rubuta da Hausa a ƙasa. Hausawan unguwar Kurayyat da na Sa'alaba suka yi ta zuwa kallo, tsofaffi suna nuna ɗinkin fatar suna gardamar garin da aka yi shi. Hajiya ma ta zo, ta tsaya daga nesa ta ce ita dai ba za ta matsa ba, sun gama zama ɗaki ɗaya.

Abin da na koya shi ne, son tsohon abu bai isa ya ba mutum ikon riƙe shi ba. Dā ina ɗaukar lasisi da bincike a matsayin wahalar da hukuma ke ɗora wa mutane. A ranar na gane cewa dokar da na kusa tsallakewa ita ta tsare mini aikina da mutuncina, ta tsare wa dattijo zamansa, ta kuma tsare ran duk wanda zai tsaya gaban bakin bindigar nan. Shi ya sa har yau, duk wanda ya nuna mini tsohuwar bindiga yana murna, nakan taya shi murna da zuciya ɗaya, amma ba na miƙa hannu sai na yi masa tambaya biyu: ina takardarta, kuma wa ya duba cikinta?