Zarton da Na Sa wa Mangwaron Inna

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da fara aikin biro ba, wato aikin ofis, na yi wa mahaifiyata wata ɓarna da har yau nakan ji nauyinta idan na tuna.

A tsakar gidanmu da ke Kara-Kara akwai bishiyar mangwaro. Mahaifina ne ya kawo dashenta daga wani lambu a Hamdara, shekarar da ya tare da Inna a gidan. Bayan rasuwarsa Inna ta mayar da zamanta gindin bishiyar. Nan take tsintar wake, nan take karɓar baƙi, nan take sallar walha. Ba mai taɓa ko ganye sai da izninta.

To, wani babban reshe ya miƙe ya tsallaka katanga, ya tsaya daidai saman ɗakin maƙwabcinmu, wani dattijo mai ɗinkin hula. Da zafi ya yi nisa, hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai ya tare ni a ƙofar gida.

"Ɗana, ka ga reshen can? In iskar farkon damina ta zo, kan jikokina zai sauka. Na kasa yi wa Hajiya maganar, na san abin da itacen yake a wurinta."

Na ce ya kwantar da hankalinsa. Na shiga na gaya wa Inna. Ta ce, "Haƙƙin maƙwabci ba abin wasa ba ne. Amma ka bari yayana ya zo, shi ya san hannun itace."

Yayan nata, wato kawuna, tun yana saurayi aikin lambu yake yi a Hamdara. Ni kuwa a lokacin gani nake wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, ba ya jiran kowa a kan yankan reshe ɗaya. Ranar Asabar na hau kabu-kabu na je kasuwa na sayo zarto, irin na kafintoci, mai faɗi, mai ƙananan haƙora. Na zaɓe shi ne don ya fi sauran ƙyalli. Na jira Inna ta tafi barka, na jingina tsani na hau.

Tun a ja na goma zarton ya fara cijewa. Ɗanyen itace ya cika haƙoran da gari mai danƙo, in na tura sai ƙarfen ya lanƙwashe. Na yi ta fama, gumi har cikin ido. Daga sama na fara yankan, dab da jikin bishiyar. Na wuce rabi kaɗan sai na ji ƙara. Reshen bai jira na gama ba. Nauyinsa ya rinjaye shi, ya karye, ya ja ɓawon bishiyar ya ɗaye shi tun daga inda nake har kusan ƙasa. Ya faɗa kan katanga ya zubar da bulo uku. Allah ya tsare, ba kowa a wajen.

Na sauko. Jikin bishiyar ya yi fari fat a gefe guda, ruwa na tsattsafowa.

Da Inna ta dawo, ta tsaya da mayafinta a ka tana kallo. Ta matsa ta ɗora tafin hannu a kan wurin. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, kuma ran nan ko "kai wannan" ɗin da ta saba ban samu ba. Ta ɗauke tabarmarta ta shige ɗaki. Kwana uku tana kai mini abinci, tana amsa gaisuwata, amma ba ta sake zama a tsakar gida ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Rana ta huɗu na gyara wa maƙwabci katangarsa, na tafi Hamdara da kaina. Na tarar da kawu yana ban ruwa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce in nuna masa zarton. Ya juya shi, ya shafa haƙoran da babban yatsa.

"Mushe," in ji shi, haka yake kirana da sunan da ake kiran malaman boko in zai yi mini tsiya, "wannan ai na busasshen katako ne. Kujera ka je yi a saman itacen?"

Ya shiga bukka ya fito da nasa guda biyu. Ɗaya gajere ne, a lanƙwashe kamar lauje, haƙoransa manya, da tazara a tsakaninsu, duk sun karkato wajen mariƙi. Ya ce tazarar ce ke fitar da ɗanyen gari, kuma irin wannan a jawowa yake ci, ba a turawa ba, don haka ba ya neman ƙarfi. Ɗayan kuwa irinsa ne, amma an ɗaure shi a kan doguwar gora, ga wata ƙugiya mai almakashi a gefe da ake ja da igiya don ƙananan rassa. Ya miƙo mini ya ce in ɗaga. Ya ce in zan sayi nawa, in ɗaga shi sama tukuna in ƙirga ashirin. In kafaɗata ta gaji kafin nan, ba nawa ba ne, ko da ya fi kowanne tsawo.

Washegari muka zo gida tare. Ya zagaya bishiyar sau biyu, ya gyara bakin ɓawon da ya yage da wuƙa mai kaifi, ya ce za ta rayu in Allah ya so, amma tabon ya zauna. Sai ya nuna wani reshe a sama da raunin. Ya ce shi ma dole ya sauka, don gefen ba zai iya ɗaukar nauyinsa ba idan iska ta zo. Ya ɗauki gorar zai fara.

Inna na bakin ƙofar ɗakinta. Ta ce, "Yaya, ba shi."

Kawu ya waiwayo. "Shi da ya yi wannan aikin?"

"Shi. Kai kana Hamdara, ga girma ya zo. Shi ne a gidan. In bai koya a gabanka ba, a gaban wa zai koya?"

Na karɓi gorar. Kawu ya sa na duba ko akwai wayar lantarki kusa, ya janye ni daga ƙarƙashin reshen ya tsayar da ni a gefe. Ya ce in fara daga ƙasan reshen, kamu ɗaya nesa da jiki, in shiga kaɗan in tsaya. Sannan in koma sama, gaba da wancan kaɗan. Na bi a hankali, ina ja, zarton na ci da kansa. Reshen ya sauka salin alin, ɓawon ya tsaya daidai inda na fara tsagawa. Saura guntun. Ya nuna mini wani kumburi inda reshe ke haɗuwa da jiki, ya ce in yanke a gabansa, kada in taɓa shi, don daga nan itace ke rufe ciwonsa.

Da la'asar Inna ta fito da tabarmarta.

Bishiyar ta yi shekara biyu ba ta yi 'ya'yan kirki ba, a ta uku ta dawo. Yanzu ina da zartuna na kaina, kuma duk shekara idan mangwaro ya ƙare nakan rage mata rassa kafin ruwa ya sauka.

Na daɗe ina ɗauka abin da na koya shi ne yadda ake zaɓen zarto. Sai da na haifi nawa 'ya'yan, suka fara yi mini tasu ɓarnar, na gane abin da Inna ta yi a bakin ƙofar nan. Ranta a ɓace yake, abin da ta fi so a gidan na raunata, kuma ga wanda ya iya a tsaye. Duk da haka ni ta ce a miƙa wa. Na gwada yin irin wannan da ɗana sau da yawa, kuma in faɗa muku gaskiya, yawanci hannuna ne ke riga bakina, in karɓe abin in yi da kaina. Har yanzu ban kai ta ba.