Sawun Baba a Daɓen Zaure

Ban taɓa harba bindiga ba a rayuwata, amma ko yau aka ce in miƙe ba shiri, tsayuwar ɗan bindiga zan yi. Mahaifina ne ya dasa mini ita a ƙafa, a zauren gidanmu da ke wani ƙauye tsakanin Maiyama da Jega, lokacin Nasara bai daɗe da karɓar ƙasa ba.

Baba maharbi ne. Idan gyado ya addabi masu albasa a fadama, har daga Aliero ake aiko masa. Da aka yi shela kowa ya miƙa bindigarsa, sai ya naɗe adakarsa a tsumma, ya binne ƙarƙashin rumbu, ya koma manomi kamar kowa. Amma mai hali ba ya fasa halinsa. Tunda babu bindigar da zai koya mini da ita, sai ya ɗauko taɓaryar Inna ya aza mini a kafaɗa.

"Ba hannu ka harbi ba, ɗana," in ji shi, "ƙahwa ka harbi."

Zai sa in buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗata, ta hagu gaba kaɗan, in ba bango gefena, in sassauta gwiwa, in raba nauyina kada wata ƙafa ta cuci wata. In na ce na daidaita, sai ya sa yatsa biyu ya tura ƙirjina. Nan take in yi baya taga-taga, shi kuwa ya ce ko karan dawa ya fi ni tsayuwa. Wallahi na tsani abin nan. Tsarana suna wanka a gulbi, ni ina nan ina auna ƙadangare da taɓarya.

Wata rana Inna da maƙwabtanta suka yi wa zauren sabon daɓe. Bai gama bushewa ba Baba ya tuɓe takalmi, ya shiga kusurwa, ya yi tsayuwar tasa har sawunsa ya zauna raɗau.

"Maigida, wagga wace irin ɓanna ta?" Inna ta ce, ranta a ɓace.

Ya yi dariya, ya nuna ni. "Bari shi bushe. Ran da ba ni nan, ga malaminai."

Bayan kaka muka kai gero kasuwar Jega. Muka tarar da sojoji sun tare hanya, suna neman mutanen da za a tafi da su yaƙin da Nasara ke yi can wata ƙasa, kuma waɗanda suka san bindiga suka fi so. Aka jera magidanta. Wani saje yana miƙa wa kowa sanda, ya ce ya auna wata kuka da ita.

Da aka zo kan Baba, sai ya riƙe sandar kamar mai riƙe da hauya. Ya sa hannunsa karkarwa, ya runtse ido duka biyu, har mutane suka fashe da dariya. Na ji sanyi a raina, na ce ya tsira. Ashe sajen ba hannu yake kallo ba. Na bi idonsa zuwa ƙasa, sai na ga ƙafafun Baba sun buɗe da kansu, ta hagu gaba kaɗan. Sajen ya matso ya tura ƙirjinsa da ƙarfi. Ko gezau bai yi ba.

"Wannan ya san wuta," in ji sajen.

Baba ya sunkuya ya dubi ƙafafunsa kamar na wani ne. Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Ba gawa, ba labari, ba ranar da za mu ce ita ce ta rasuwarsa.

Sawun nan biyu suka zama su ne shi a gidan. Inna takan share su da tafin hannu, ba ta yarda tsintsiya ta taɓa su. Ni kuma da na tsani tsayuwar, sai ga ni kullum cikinsu da taɓarya, ƙafata tana iyo a ciki. In na daɗe a tsaye nakan ji yatsa biyu a ƙirjina. Tsoro yake ba ni, amma ban iya dainawa ba, don nan kaɗai nake jin sa.

Shekaru suka tura. Wata hantsi Inna ta shigo zauren da ƙwaryar fura, ta gan ni ta baya.

"Maigida!" ta ce, ƙwaryar ta suɓuce.

Na juyo. Ba fuskata ta duba ba, ƙasa ta duba. Ƙafata ta cika sawun, ba ragi ko na ƙwayar gero. Ta fita, ta kwaɓo ƙasa, ta ture ni gefe, ta durƙusa ta cike abin da ya rage mata na mijinta. Tana bugawa da madaɓi tana kuka.

"Sun ɗauki guda, ba su ƙarawa," ta ce. "In ka tahi kasuwa, haɗe ƙahwahunka, ka tsaya kamar raggo. Ka jiya?"

Na ji. Na koyi langaɓewa, na koyi jingina da bango cikin mutane, har aka riƙa yi mini ba'a. Babu wanda ya ɗauke ni, na tsufa a gabanta kamar yadda ta so.

Ranar da muka kai ta makwancinta, ina bakin kabari ana mayar da ƙasa, na sunkuyar da kai don kada a ga hawayena. Sai na ga ƙafafuna a buɗe, ta hagu gaba kaɗan.