Ranar da Aka Hana Ni Magana a Kamazou

Ana idar da sallar asuba muka bar Zariya, ni da ƙanwata. Saura mako uku ta je intabiyu na aikin koyarwa. In'ina gare ta tun tana ƙarama. Bara ko sunanta kasa faɗa ta yi a gaban masu tambaya, aikin ya wuce ta. Sai aka kwatanta mana wata mata 'yar Filato a Kamazou, mai taimakon masu in'ina da kiɗa da waƙa. Wallahi na gaji da jin "akwai mai magani a can", amma na ɗauki jaka.

A Kawo muka sauya mota. Muna ƙetare gada muka maƙale a cunkoson Sabon Tasha har ƙafafuna suka yi tsami. Mai keken da ya bi da mu ta Unguwar Boro kuwa, ba ramin da bai tsaya ya gaisa da shi ba. Gwaten acca, wato fatensa, kawai muka sha a tsaye.

Wurin matar ɗaki ɗaya ne, kujeru uku, ganga da ƙaramin piyano. Matar ta ce yau aunawa kawai za ta yi, ta ji inda maganar ke maƙalewa. Ta tambayi ƙanwata sunanta, na faɗa. Ta tambayi shekarunta, na faɗa. Ta ajiye biro.

"Hajiya, ke na ji bakinki lafiya lau. Ita nake son ji."

Kunya ta rufe ni. Tun muna yara ni ce bakinta, a kasuwa, a asibiti, har gaban Baba.

Na ja kujera gefe. Matar ta sa ƙanwata karatun jarida, tana rubuta haruffan da ke tsayar da ita. Ta sa ta magana tana buga tebur da yatsa sannu a hankali. Da ta ce ta rera waƙa, sai ga waƙar firamare tiryan-tiryan, ba tuntuɓe. Matar ba ta yi mana alkawarin komai ba. Ta ce a fara zuwa duk Asabar, a gida kuma mu riƙa jiran ƙanwata ta ƙarasa maganarta.

A hanyar dawowa kwandasta ya tambayi inda za mu sauka. Na buɗe baki, na rufe. Ƙanwata ta daɗe a kan harafin farko, wani ya yi tsaki. Daga ƙarshe ta ce Kawo.

Mun iso gida a gajiye liƙis. Duk shekarun nan na zaci taimakonta nake yi. Da Baba ya tambayi yadda aka yi, tashi na yi na tafi ɗebo ruwa, na bar su.