Jiragen Katakon Babanmu

Idan kana so ka ga fushin babanmu, to ka kira shi masinja. "Ni kafinta ne," zai ce maka, "kafintan ƙungiya!" Kuma da gaskiyarsa. Shekara talatin da huɗu ya yi a ofishin ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta yankinmu, amma da guduma ya shiga, ba da takarda ba.

Ranar da kamfanoni bakwai suka taru za su kafa ƙungiyar, ƙafar teburin taro ta karye, aka kirawo shi daga bakin titi. Yana ƙarƙashin tebur yana buga ƙusa, manya suna ta cacar baki kan yadda za a riƙa jefa ƙuri'a. Sai Baba ya leƙo da kai ya ce, "Ranku ya daɗe, in sassaƙa wa kowa ɗan jirgi mana? Wanda ya amince ya tura nasa tsakiyar tebur." Aka tuntsire da dariya, amma aka karɓa. Ya sassaƙa guda bakwai, kowanne tsawon tafin hannu, babu wanda ya ɗara wani. A dokar ƙungiya kuwa aka rubuta: kamfani ɗaya, ƙuri'a ɗaya, shugabanci kuma karɓa-karɓa duk shekara biyu.

Daga nan fa ya zama ɗan gida. Sabon kamfani ya shigo, Baba ya sassaƙa masa. Wani ya durƙushe, Baba ya naɗe jirginsa a tsumma ya sa a kabad, ya yini ba walwala. Har kamfanoni suka kai sha tara. Abin dariyar, shi kansa bai taɓa taka jirgi ba!

Rigimar ta zo ne da shugabanci ya faɗo kan mai kamfanin da ya fi kowane girma, wanda ake ce wa Mai Arba'in saboda yawan jiragensa. Ya ce daga yanzu ƙuri'a ta bi yawan jirage. Kowa ya san inda ya dosa. Akwai dokar da ta wajabta wa manyan kamfanoni miƙa wa ƙanana fasinjojin ƙananan garuruwa, ita yake son sokewa, ƙuri'un ƙananan ne suka tokare shi. In aka soke ta, kamfanin wata mata da muke kira Mai Biyu zai rufe. Jirginta kuwa shi kaɗai ke sauka a garin Gwaggo, yayar Baba, can bayan duwatsu, tafiyar kwana uku a mota. Shi ke kai mata maganin ciwon zuciya duk ran Talata.

Mai Arba'in ya kira Baba ofis. "Kafinta, sababbin jirage nake so kafin taro. Kowa daidai girman kamfaninsa."

"Daidai da daidai, ranka ya daɗe?"

"Daidai da daidai."

Baba ya dawo gida ya zaro ma'auninsa. In mai jirgi biyu za ta sami tafin hannu ɗaya, ai mai arba'in tafi ashirin ke nan. Sati uku yana fafatawa da ƙaton jirgin Mai Arba'in a tsakar gida, har Inna ta rasa inda za ta yi shanya. "Malam," ta ce, "wai ƙaura za mu yi mu koma cikinsa ne?" Ni kam na san wannan wasan zai iya raba shi da aikinsa.

Ranar taro, da sassafe, aka shigo da shi gunduwa-gunduwa ta taga, Baba ya harhaɗa shi a kan tebur. Ni ke kai wa taron shayi, don haka da idona na gani. Wayyo, ina ma kuna nan! Wakilai suna shigowa suna cin birki a bakin ƙofa. Mai Arba'in ya zauna, wutsiyar jirginsa ta rufe shi ruf. Ya yi jawabi mai tsawo, muryarsa kawai ake ji. Masu jirage goma-goma, waɗanda a da suka yi alkawarin mara masa baya, suka dubi nasu a rakuɓe ƙarƙashin fiffike kamar 'yan tsaki. Ɗaya ya ce, "Af! Haka za mu riƙa zama ke nan?"

Aka zo ƙuri'a, kuma har lokacin tsohuwar doka ce ke aiki. Wanda ya amince ya tura nasa. Mai Arba'in ya tura, jirgi ko gezau. Ya tashi ya sa kafaɗa, tebur ya fara kuka. Sai Mai Biyu ta miƙe a tsanake ta ce, "Shugaba, ko in kama maka?"

Ɗakin ya ɗauka! Wani har da buga ƙafa, ni kuma na kusa kifar da tire. Mutum uku kacal suka tura nasu. Magana ta faɗi warwas.

Baba yana tsaye jikin ƙofa. Mai Arba'in ya zagayo, ya daɗe yana kallonsa, gumi sharkaf. Can sai ya fashe da dariya. "Kafinta, ka gama da ni. Gobe ka dawo mana da tsofaffin."

"Ga su nan a jaka, ranka ya daɗe."

Da aka tashi, Mai Biyu ta damƙa wa Baba tikiti biyu. Ran Talata na raka shi. Kafin ya hau sai da ya ƙwanƙwasa jikin jirgin da ɗan yatsa, ya gyaɗa kai, wai aikin ba laifi. Kwalin maganin Gwaggo kuwa ya ƙi yarda a sa a cikin kaya, a cinyarsa ya riƙe har muka sauka.

Gwaggo tana bakin shingen filin, inda ta saba jira. Shekara goma sha ɗaya rabon da su ga juna. Ta kare ido da hannu, ta duba, ta sake dubawa.

"Auta? Yau kai ka kawo maganin?"

Tsoho mai shekara saba'in ya buɗe baki zai amsa, kuka ya ƙwace masa. Ni na karɓi kwalin na miƙa mata.